Burushi ko Yatsa? Sabulu ne Alƙali

Tun da bidiyoyin koyar da kwalliya suka cika Instagram da TikTok, 'yan mata da dama sun ɗauka cewa shafa kwalliya da yatsa ƙauyanci ne, burushi kuwa alamar ƙwarewa. An yi gaggawar yanke wannan hukunci, domin kowanne da aikinsa, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne tsaftar abin da zai taɓa fuska.

Amfanin yatsa yana cikin ɗuminsa. Kayan shafa masu maiƙo, irin su fandeshan da man ɓoye tabo, sukan yi laushi idan suka ji ɗumin jiki, sai su kwanta a fata ba tare da sun yi dabbare-dabbare ba. Yatsa kuma yana jin inda fata ta bushe da inda ƙurji ya fito, don haka mai shafawa takan san inda za ta sassauta hannu. Hoda kuwa ta burushi ce. Gashin akuya da ake yin wasu burusan da shi yana da kaushi mai kama garin hoda ya baza shi daidai, yayin da yatsa kan tara ta wuri guda. Burushin zaren roba ba ya shan ruwa sosai, shi ya sa ya dace da kayan shafa masu ruwa. Wurin daidaita gira da zana gefen ido, sirantar burushi ta fi ƙarfin kowane yatsa.

Sai dai hannu ana wanke shi sau da yawa a yini, burushi da soso kuwa sukan yi watanni a jaka ba su ga ruwa ba. A 2019 masu bincike a Jami'ar Aston da ke Ingila sun gwada kayan kwalliyar da mata ke amfani da su, suka tarar kusan tara cikin goma suna ɗauke da ƙwayoyin cuta. Soson shafa fandeshan ne ya fi ƙazanta: kashi 93 cikin ɗari ba a taɓa wanke su ba. Shi ya sa ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ke ba da shawarar wanke burushi duk kwana 7 zuwa 10.

Haɗarin ya fi girma a gidan biki, inda mai kwalliya guda kan yi wa amarya da ƙawayenta aiki da burushi ɗaya. Ciwon idon da ake kira afolo yana yaɗuwa ta abin da ya taɓa idon mai shi, haka ma ƙurajen leɓe kan bi jan baki zuwa wani bakin. Babu rashin kunya idan amarya ta tambayi yaushe aka wanke kayan aiki, ko ta zo da burushin idonta da jan bakinta.

Wadda ba ta da kuɗin sayen tarin burusai kada ta ji ta gaza. Wankakken yatsa ya fi burushi mai tsada da ya sha dauɗa. Wadda ta saya kuwa ta wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu marar zafi, ta kwantar da shi ya bushe sarai. A nan sabulu ne ke sa kwalliya ta biya kuɗinta.