Fa'idodi da Illolin Tsaurara Binciken Takardar Shaidar Shafukan Intanet

Duk wanda ya taɓa hawa tudu a Mabai, ko wani ƙauye na Kankara, yana laluben sabis, ya san darajar shafin da ke buɗewa ba tare da cinye data ba. A irin wannan hali babu kamar burauza mai nuna rubutu zalla, ba hoto ba bidiyo. Lynx ce babbar yayarsu, an fara ta a Jami'ar Kansas ta Amurka a 1992, sai w3m da Akinori Ito ya rubuta a Japan, sai Links da ELinks. Makafi masu na'urar karanta rubutu suna ji da su, haka ma masu kula da manyan kwamfutoci daga nesa. Galibi masu harhaɗa tsarin Linux, irin su Debian, su ne ke shirya su a ƙunshi, su ne kuma ke ɗinke su idan sun ɓarke.

Ɓarakar da ta fi damuna ita ce ta takardar shaida. Shafin da adireshinsa ya fara da https yakan miƙo takarda, kamar baƙon da ya zo da wasiƙa mai hatimin hakimi. Aikin burauza ne ta duba wa ya buga hatimin, ko sunan da ke jikin takardar shi ne na shafin, sannan ko wa'adinta bai ƙare ba. A 2012 masu bincike daga jami'o'in Texas da Stanford suka nuna cewa Lynx na karɓar takardar da mai ita ya buga wa kansa hatimi. ELinks 0.12 da Links 2.3 su ma an same su da sakacin bincike. Wato ana kulle saƙo tsaf, amma ba a tabbatar wa ake miƙa wa mabuɗin ba.

Fa'idar gyaran wannan ɓaraka ba ƙarama ba ce. Wanda ya tsaya tsakaninka da shafin banki, ko ta hanyar wayifai na shago ko ta na'urar da aka yi wa kutse, zai iya cewa shi ne bankin, ya karɓe kalmar sirrinka, kai kuwa ba ka ga alamar komai ba. Da zarar an gyara binciken, wannan ƙofa ta rufe. Mai burauzar rubutu ma ya fi kowa buƙatar haka, tun da ba ya ganin tambari ko launin da zai sa shi shakka, makaho kuwa abin da na'ura ta karanta masa shi ne iyakarsa.

Sai dai bincike yana tsayawa ne kan jerin hukumomin da na'ura ta amince da hatiminsu, kuma jerin yana tsufa. A 2011 aka kutsa kamfanin DigiNotar na ƙasar Holan, ɗaya daga cikin hukumomin, aka buga takardun Google na bogi, aka yi amfani da su kan mutanen Iran. Maganin da aka yi shi ne cire kamfanin daga jerin, amma wanda bai sabunta na'urarsa ba, maganin bai kai gare shi ba.

A nan ne illar take taɓa mu. Ranar 30 ga Satumba 2021 wa'adin wata tsohuwar takarda ta tushe, wadda shafuka masu ɗimbin yawa suka dogara da ita ta hannun hukumar buga hatimi ta Let's Encrypt, ya ƙare. Tsofaffin kwamfutoci da wasu tsofaffin wayoyi suka fara ƙin buɗe shafukan da ba su da laifin komai. A cikin wannan wata na Satumba 2021 ne kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da Kankara da Faskari da Sabuwa. Wanda ba shi da sabis, ina zai samu damar sabunta na'ura? Ga kuma agogo. Tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirinta ya mutu takan koma shekarun baya, sai ta ga kowace takarda kamar lokacinta bai yi ba, ta toshe komai.

Illar da ta fi waɗannan muni ita ce sabo. Lynx takan tambaya ko a ci gaba duk da kuskuren. Wanda gargaɗin ƙarya ya ishe shi yakan danna "e" ba ya ko karantawa, wani ma ya kashe binciken gaba ɗaya. Ranar da ɓarawo na gaske ya zo, yatsa ya riga ya saba.

Duk da haka ina tare da masu gyaran. Shafin da ya ƙi buɗewa ɓata lokaci ne, kuɗin da suka fita daga asusu kuwa da wuya su dawo. Roƙona ga masu shagunan kwamfuta da masu gyaran waya a Kankara da Funtuwa: idan aka kawo muku na'ura mai kukan takardar shaida, ku fara duba kwanan wata, ku sabunta jerin hukumomin, kada ku kashe wa mutum binciken don kawai shafi ya buɗe.