Sharhi: Mai Neman Bindigar Farko A Minna, Tsakanin Tsoron 'Yan Bindiga Da Tarkon Doka

A Minna, babban birnin Jihar Neja, zancen mallakar bindiga ya daina zama na maharba da tsofaffin sojoji kaɗai. Ma'aikacin gwamnati mai gona a hanyar Sarkin Pawa, da ɗan kasuwar hatsi da ke bin hanyar Zungeru da Tegina zuwa Kontagora, da manomin da ya baro ƙauyensu a Shiroro ya fake a Kuta ko Gwada, duk tambaya ɗaya ce ke cin su a rai: shin lokaci bai yi ba da mutum zai ajiye abin kare kansa a ɗaka? Akasarinsu ba AK-47 suke hange ba. Abin da suke tunani shi ne bindigar farauta mai watsa ƙwayoyin dalma, musamman irin wadda ke ɗaukar harsashi biyar ko fiye, wadda ake ɗana ta da hannu bayan kowane harbi. A ganinsu wannan ƙaramar bindiga ce, ta mutanen kirki, wadda hukuma ba za ta ɗaga wa mai ita hankali ba.

A nan kuskuren yake. A dokar Najeriya, irin wannan bindiga jeri ɗaya take da bindiga mai sarrafa kanta da gurneti, kuma wanda aka kama da ita ba da izini ba yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Kafin a shiga batun doka, adalci ne a faɗi abin da ya kai mutane ga wannan tunani. A ranar 17 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara, suka kashe ɗalibi ɗaya, suka tafi da mutum 42, cikinsu ɗalibai 27. A watan Afrilun shekarar, gwamnan jihar na lokacin, Abubakar Sani Bello, ya faɗa wa duniya cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure da ke Ƙaramar Hukumar Shiroro. A ƙarshen watan Mayu aka kwashe yara fiye da 100 daga Makarantar Islamiyya ta Salihu Tanko da ke Tegina, suka shafe kusan wata uku a daji. A Agustan 2023 sojoji da dama suka rasa rayukansu a kwanton ɓaunar da aka yi musu a hanyar Zungeru zuwa Tegina da kuma faɗuwar jirgin da ya je ɗauko waɗanda suka jikkata. A Nuwamban 2025 kuma aka sake ganin irin ta Kagara a makarantar St. Mary da ke Papiri a Ƙaramar Hukumar Agwara. Neja ce jiha mafi faɗin ƙasa a Najeriya, tana da murabba'in kilomita fiye da 76,000, kuma akwai ƙauyuka a cikinta da jami'an tsaro ba za su isa ba sai bayan awanni, in ma an samu layin waya aka kira su. Wanda ke kwana a irin wannan wuri, idan ya yi tunanin bindiga, ba a ce masa ya yi wauta ba.

Dokar da ke hukunci kan makamai a ƙasar nan ita ce Dokar Makamai ta 1959, wadda aka kafa tun kafin samun 'yancin kai, kuma har yau ita ake aiki da ita. Ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu: igwa, rokoki, bama-bamai da gurneti, bindigogi masu sarrafa kansu, bindigogin yaƙi na soja, da ƙananan bindigogin hannu. Waɗannan Shugaban Ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Kashi na biyu su ne waɗanda farar hula ke iya nema, kuma lasisinsu yana hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda. Na uku su ne bindigogin gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, wato bindigar toka ko adaka da danginta, waɗanda lamarinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sandan jiha.

Bindigar farauta tana cikin kashi na biyu, amma da togaciya, kuma togaciyar ita ce ƙashin bayan wannan magana. Dokar ta cire duk bindigar farautar da ke ɗana kanta, ta kuma cire duk wadda aka sa mata wata na'ura, ko wace iri ce, ta sake ɗora harsashi. Sannan ta ce duk bindigar da ba ta shiga kashi na biyu ko na uku ba, ta faɗa kashi na farko. Abin da ya rage wa farar hula ke nan shi ne mai baki ɗaya ko mai baki biyu, wadda ake karya ta a tsakiya, a zare kwanso da hannu, a sa sabon harsashi da hannu.

Bindigar da aka fi sani da fam-akshin tana da bututu a ƙarƙashin bakinta inda harsasai ke jere. Mai harbi ya ja maƙallin gaba ya mayar, kwanso ya fita, sabon harsashi ya hau. 'Yar'uwarta mai liba aikinsu ɗaya, sai dai ita da wani ƙarfe da ke kewaye da kunama ake ɗana ta: a tura shi ƙasa, a dawo da shi. Ba sabuwar fasaha ba ce. John Browning ne ya zana ta wa kamfanin Winchester na Amurka, ta fito kasuwa a 1887, shekara 10 kafin fam-akshin ɗin kamfanin da ta yi suna ta 1897. Mai liba ba ta yawaita a Najeriya kamar fam-akshin ba, amma mai sayarwa da ya ce wa mutum ita doka ba ta ambace ta da suna ba, don haka halas ce, yaudararsa yake yi. Liba na'urar sake ɗora harsashi ce, kuma kalmomin dokar ba su bar mata ƙofa ba.

An taɓa yin wannan muhawara a Ostareliya. Bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, ƙasar ta tsananta doka kan fam-akshin da masu ɗana kansu, amma mai liba ta ci gaba da zama a rukuni mafi sauƙi, domin a lokacin ana ɗaukarta tsohon yayi. Da aka fara tallar wata ƙirar Turkiyya mai suna Adler A110 a 2015, jama'a suka ga saurin harbinta, sai gwamnati ta dakatar da shigo da mai ɗaukar harsashi bakwai, kuma a ƙarshen 2016 aka amince a matsar da irinta zuwa rukuni mai tsanani. Abin lura shi ne tsohuwar dokarmu ta 1959 ta riga ta toshe gurbin da Ostareliya ta gano daga baya. Matsalarmu ba ta rubutun doka ba ce.

To, a ce mutum ya haƙura da mai liba da fam-akshin, ya ce mai baki biyu ta ishe shi. Doka ta ce lasisi ba haƙƙi ba ne da za a tilasta wa hukuma ta bayar. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ba a saye sai a hannun dillali mai rajista, harsashi ma da izininsa, kuma lasisi ba ya bin gado. Waɗannan sharuɗɗa ba su da aibi. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙofar da za a bi a cika su a rufe take. A Fabrairun 2018 Sufeto-Janar Ibrahim Idris, wanda shi ma ɗan Jihar Neja ne, ya umarci kwamishinoni su tattaro haramtattun makamai daga hannun jama'a da ƙungiyoyin sa-kai, kuma fam-akshin na cikin jerin. A 2023 Sufeto-Janar Kayode Egbetokun ya bayyana cewa rundunar ta dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai, bisa hujjar cewa ba zai yiwu ana kwashe makamai da hannu ɗaya ana ƙara su da ɗayan ba.

Yayin da 'yan sanda ke wannan magana, wasu manya suna wata. Janar T.Y. Danjuma ya yi kira ga jama'a su kare kansu a Jalingo a Maris ɗin 2018. Aminu Bello Masari ya yi irin wannan kira lokacin yana gwamnan Katsina. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta wuce nan, ta ce jama'a su nemi bindiga, ta kuma ce za ta raba fam 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19 na jihar. Ba a jima ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi, kuma ta fuskar doka shi ke da gaskiya, domin kundin tsarin mulki na 1999 ya sa makamai da harsasai cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Talaka dai ya ji gwamna ya ce a nemi bindiga. Ba lallai ne ya ji amsar da ta biyo baya ba. Ranar da aka kama shi a shingen bincike, jawabin gwamna ba zai tsaya masa a gaban alƙali ba.

Rufe ƙofar lasisi bai hana makamai shigowa ba. A 2017 kaɗai Hukumar Kwastam ta kama fam-akshin 2,671 a Legas a kamu huɗu: 661 a Janairu, 440 a Mayu, sai 1,100 da 470 a Satumba. A Yulin 2024 ta nuna wa manema labarai bindigogi 844 da harsasai 112,500 da aka kama a tashar jiragen ruwa ta Onne a Jihar Ribas, cikin kwantenar da ta taso daga Turkiyya. Waɗannan su ne waɗanda aka kama. Ɗan kasuwa ba ya cika kwantena da kayan da ba shi da masu saye. Cibiyar Small Arms Survey da ke Janiba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kimanin miliyan shida a hannun farar hula a Najeriya, kuma tsohon Shugaban Ƙasa Janar Abdulsalami Abubakar, wanda mazaunin Minna ne, ya ambaci wannan adadi a 2021 yana nuna damuwa. Rumbun gwamnati ma bai tsira ba: rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce akwai makamai da harsasai 178,459 na 'yan sanda da ba a san inda suke ba, cikinsu AK-47 guda 88,078.

Sakamakon wannan tsari abu ne mai ban takaici. Ɗan bindiga bai taɓa neman lasisi ba, don haka dakatarwar ba ta shafe shi ba. Wanda ta shafa shi ne mutumin da ya so ya bi ƙa'ida, ya ba da sunansa da adireshinsa da lambar bindigarsa. In ya haƙura, ya zauna hannu rabbana. In bai haƙura ba, ya sayi ta bayan fage, ya zama mai laifi, hukuma kuma ba ta san da bindigar ba balle ta bi sawunta ranar da ta ɓace ko aka yi ɓarna da ita.

Sai dai akwai wata gaskiya da masu kiran a ba kowa bindiga ba su cika faɗa ba. Bindigar farauta, ko mai liba ce ko fam-akshin, tasirinta bai cika wuce mita 40 zuwa 50 ba. AK-47 tana cin mita 300, kuma gidan harsashinta na ɗaukar 30. Maharan da ke afka wa ƙauyukan Rafi da Munya da Mariga ba su zuwa ɗaya-ɗaya; a kan babura suke zuwa, gungu-gungu. Mutum ɗaya da bindiga ɗaya a tsakar gida, wanda bai taɓa harbi cikin duhu da firgici ba, yana iya korar ɓarawon akuya, amma ba zai tare irin wannan ayari ba, kuma labarin cewa gidan wane akwai bindiga kan jawo masa farmaki maimakon ya kare shi. Ga kuma haɗarin cikin gida, wanda ba a cika lissafa shi ba sai ya faru: yaro mai son taɓe-taɓe, rigimar iyakar gona, saɓanin gado, fushin minti ɗaya. Ita kanta dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa, da ta amince wa mutum ya kare ransa da dukiyarsa, ta ɗaure wannan haƙƙi da sharaɗin kada a wuce gwargwadon buƙata. Wanda ya bi maharin da ya juya baya ya harbe shi, zai sha wuya kafin ya gamsar da kotu cewa kare kai ya yi. Tarihin 'yan sa-kai a Zamfara ma ya nuna yadda makamin da aka ɗauka don kariya ke rikiɗewa ya zama na ramuwar gayya, har wutar ta fi ƙarfin waɗanda suka hura ta.

Saboda haka muhawarar da ta dace ba ta a ba kowa ko a hana kowa ba ce. Inda 'yan banga da maharba suka yi tasiri a Jihar Neja, sun yi ne a ƙungiyance, da sanin hakimai da dagatai, kafaɗa da kafaɗa da jami'an tsaro. Amma duk wanda ya bi hanyoyin jihar ya ga irin bindigogin da wasunsu ke rataye da su, kuma ba duka ne adaka ba. Hukuma na kawar da kai saboda tana buƙatarsu, doka kuwa na nan tana kallonsu a matsayin masu laifi. Ɗan bangan da ya kwana yana gadin gari zai iya wayar gari a hannun 'yan sanda saboda bindigar da ya yi gadin da ita. Wannan zaman na rashin tabbas ba ya amfanar kowa.

Kayan aikin gyara suna nan. An kafa Cibiyar Ƙasa ta Daƙile Yaɗuwar Ƙananan Makamai a 2021 ƙarƙashin Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta ba ta cikakken ƙarfi a 2024, kuma ofishinta na shiyyar Arewa ta Tsakiya a Minna yake. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai ta 2006, wadda Najeriya ke cikinta, ba ta haramta wa farar hula mallakar ƙaramar bindiga ba. Cewa ta yi a yi lasisi, a yi rajista, a sa wa kowane makami alama. Abin da ya rage shi ne Rundunar 'Yan Sanda ta fito fili ta faɗi matsayin lasisi a yau, da matsayin waɗanda ke riƙe da tsohon lasisi, da harshen da mutumin Kagara da na Erena zai fahimta. Majalisar Dokoki ta Ƙasa kuma ta yanke hukunci kan fam-akshin da mai liba: ko su ci gaba da zama haramtattu a tilasta hakan kan kowa, ko a buɗe musu rukuni na musamman ga ƙungiyoyin tsaron al'umma masu rajista, da horo, da ma'ajiya a ofishin 'yan sanda, da lissafin kowane harsashi da ya fita.

Kafin a kai can, mai shirin sayen bindigarsa ta farko a Minna ya fara da ofishin Kwamishinan 'Yan Sanda, ba da dillali ba, ya tambayi ko ana karɓar takardar nema, kuma wace irin bindiga ce takardar ta shafa. In aka miƙa masa mai liba ko fam-akshin haɗe da wata takarda da aka ce lasisi ce, ya duba sa hannun wanda ke kanta, domin a ƙarƙashin Dokar 1959 babu kwamishina ko baturen 'yan sanda da ke da ikon halatta masa ita.