Darasi Daga Samarin Mali

Ranar 7 ga watan Yuli, 2019, a birnin Heraklion na ƙasar Girka, samarin Mali suka kara da na Amurka a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta duniya, ta 'yan ƙasa da shekara 19. Amurka ta ci 93, Mali 79. Duk da haka sun koma gida da girmansu, gama kafin su babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa kaiwa wannan matsayi.

Kada a ce sa'a ce. A 2018, a Bamako, da yawa daga cikin yaran nan suka ɗauki kofin Afirka na 'yan ƙasa da shekara 18. An tsinto su da wuri, an riƙe su tare, shi ya sa suka san hannun juna.

To, Nijeriya ta fi Mali yawan jama'a da dukiya. Wajibi ne Ma'aikatun Ilmi na jihohi su gyara filayen makarantu, su raya gasa tsakanin ɗalibai kowace shekara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.