Waiwaye: Daren da sukarin Baffa ya hau

Shekarun baya, da Baffa ya yi haɗarin mota a hanyar Numan, kwana biyar muka yi a barandar ɗakin kulawa ta musamman na wani asibiti a Jimeta. Goggo ta baro gidanmu na Bako da filas ɗin kunun gyaɗa, ya sha sukari, ta naɗe shi cikin mayafi don ta faki idon ma'aikata. Da nas ta fito ta ce sukarinsa ya hau, an sa masa insulin, sai Goggo ta dafe ƙirji: "Haba 'yata, mutumin nan bai taɓa ciwon suga ba!"

Gaskiyarta ne. Ni ma a daren na zargi ma'aikatan da ganganci, kuma har yau abin yana damuna.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Tsoka ce ke kwashe mafi yawan sukarin jini. Insulin kan tsaya a bakin ƙwayar tsoka ya yi sallama, saƙon ya bi hannu-hannu zuwa ciki, har wani sinadari mai suna GLUT4 ya taso ya buɗe wa sukari ƙofa. Idan jiki ya jigata da mummunan rauni, ko ƙuna, ko cutar da ta shiga jini, sai kotisol da adirenalin da sinadaran kumburi su tare saƙon a hanya. Hanta kuma tana ta ambaliyar sukari. Sukarin da ya taru ya ƙara toshe kunnen tsokar, kwanciya ba motsi ta ƙara dagula lamarin. Insulin ɗin nan ne kuma ke hana tsoka zaizayewa. Shi ya sa da aka fito da Baffa, damatsansa sun koma kamar kara.

Su kansu likitoci sun sha faɗi-tashi a kan yadda za a riƙe sukarin irin waɗannan majinyata. A 2001, Farfesa Greet Van den Berghe ta birnin Leuven a Beljiyam ta gwada majinyata 1,548, ta ga matse sukari tsakanin 80 da 110 ya rage mace-mace daga kashi 8 zuwa 4.6 cikin 100. Asibitocin duniya suka rungumi tsarin. A 2009 sai binciken NICE-SUGAR, mai majinyata 6,104 a Ostareliya da Niyu Zilan da Kanada, ya nuna matsewar ta fi kisa, kashi 27.5 a kan 24.9, ga yawan faɗuwar sukari warwas. Yanzu galibi tsakanin 140 da 180 ake riƙe shi. Kofi ɗaya na kunun Goggo ya isa ya rushe lissafin da ake yi da tsinin allura.

Nas ɗin ce ta hango filas ɗin. Ta durƙusa ta ce, "Goggo, ki ajiye masa har ya tashi." Bayan sallama sukarin ya sauka da kansa, amma likita ya ce a riƙa aunawa, don wanda ya hau masa a irin wannan hali ya fi kusa da ciwon suga daga baya. Har yanzu Goggo ce ke tuna masa ranar awo.