A Daina Dukan Ɗan Shekara Uku a Kan ABCD

A garuruwa irin su Ruwan Bago da ke ƙaramar hukumar Rogo, iyaye da yawa sun fara ɗauka cewa yaron da ya kai shekara uku bai cika shafi da ABCD ba ya makara. Sai a sayo masa littafin rubutu, a damƙa masa fensir, in ya yi jagwalgwalo a ce wasa ya yi masa yawa, wani lokaci har a haɗa da tsumagiya. Niyyar iyayen mai kyau ce, amma abin da yaron yake koya a nan shi ne tsoron takarda.

Yatsun ɗan shekara uku ba su yi ƙwarin da za su juya fensir ba. Abin da yake iya kwaikwaya shi ne miƙaƙƙen layi da da'ira. Zane mai kusurwa irin na A ko K sai wajen shekara huɗu zuwa biyar yake zama a hannunsa. Da rarrafe yaro kan tashi, kuma kayan wannan rarrafen suna nan a kowane gida. Yarinyar da ke zaune kusa da uwarta tana ɓare gyaɗa ko tsince tsakuwa daga wake, babban yatsa da manuni take horarwa, su ne kuwa za su riƙe alƙalami gobe. Yaron da ke gina shanun laka a bakin rafi, ko yake jan layi da tsinke a ƙasa, shi ma darasi yake ɗauka, ko da babu wanda ya kira shi darasi.

Makarantar allo ta daɗe da gane wannan. Malam ne ke rubuta wa kolo allonsa, shi kuma ya bi da yatsa yana faɗa. A fara da babbaƙu, a wuce farfaru, kowane harafi da laƙabinsa na Hausa gwargwadon siffarsa: ba guje, ha kuri, mim jaye. Sai ido da kunne sun saba, sannan a miƙa masa alƙalamin gamba da tawada.

Boko ma haka ya kamata a bi da shi, kuma a fara da Hausa, domin yadda ake faɗarta kusan haka ake rubuta ta. Yaron da ya san ba, be, bi, bo, bu, ya kusa karanta "baba" da kansa. Waƙar ABCD kuwa tana cusa masa Q da V da X waɗanda ba ya buƙata a harshensa, ta bar ɓ da ɗ da ƙ waɗanda yake furtawa kullum. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, kuma da Hausa magidanta suka koyi karatu a azuzuwan Yaƙi da Jahilci. Mafi sauƙin farawa shi ne harafin farko na sunan yaron: a zana masa shi babba da gawayi, ya bi, ya goge, ya sake.

Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da yara kafin firamare, gwamnatin Kano kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Haƙƙinmu ne mu nemi ajin ƙananan yara a makarantun Rogo da Ƙaraye, da malamai masu haƙuri. Amma amanar farko tana wuyan iyaye. Duk uban da ya je wurin malama, ya daina ƙirga shafukan da ɗansa ya cika. Ya tambaye ta ko yaron yana gane haruffan sunansa, kuma ko da murna yake shiga aji.