Launin Ƙasa Ya Fi Dacewa da Ɗakunanmu

Duk wanda ya shiga ɗakunan da ake shafewa a Matameye gabanin Sallah, ko kuwa domin tarewar amarya, lalle zai ga yadda shuɗi mai kauri da kore shar da ja wur suka mamaye bangaye, har mutum yakan shiga ɗaki da azahar ya iske duhu ya riga shi, alhali kuwa gida, kamar yadda malamanmu suke karantarwa, Allah Ya sanya shi ne domin natsuwa. Ra'ayina shi ne mu koma ga launi matsakaici, wato ruwan ƙasa mai haske, ko launin rairayi, ko na madara.

Magabatanmu ba su jahilci wannan al'amari ba. Maginan da suka tayar da sorayen unguwar Birni a Damagaram, da takwarorinsu na Daura da Kano, sukan jiƙa ɓawon ɗorawa su sami makuba, wadda ke ba bango launin ƙasa mai ja-ja kuma ta kare shi daga ruwan damina, sa'an nan mata su bi cikin ɗaki da farar ƙasa. Ado mai ɗaukar ido kuwa, zanen fuskar zaure aka fi ajiye wa shi, inda mai wucewa zai gani ya yaba.

Hujjar a fili take ga mai lura. Tagogin ɗakunanmu ƙanana ne, launi mai duhu kuma shanye haske yake yi, ta yadda fitila ɗaya ba za ta wadatar ba; fari fat kuwa, da zarar hunturu ya kawo ƙurarsa, sai ya yi dauɗa tun ba a je ko'ina ba. Amma launin rairayi yana mayar da haske cikin taushi, ba ya tona asirin ƙura, yana kuma sanyaya ido a tsakiyar bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Bugu da ƙari, fentin mai idan aka shafa shi a kan yaɓen ƙasa yakan tsare danshi a ciki, daga bisani ya ɓamɓare, kuɗin maigida su tafi a banza, wanda kuwa israfi ne da shari'a ta hana.

Na san iyayenmu mata za su ce ɗakin amarya ado yake so, kuma gaskiyarsu ce. Sai dai jere da labule da darduma ba sa fitowa sosai sai bango ya yi musu kawaici, domin idan kowa yana magana a majalisa, ba wanda za a ji.

Saboda haka, ya ku magidanta da masu shafe, kafin a sayi fenti a bana, a dubi ƙasar da muke takawa, a zaɓi launin da ya yi kusa da ita.