Ƙiba Ba Shaidar Sauƙi Ba Ce: Tsoka, Kitse da Makomar Masu Sankarar Hanji

Idan Bahaushe ya je dubiya, bayan "sannu" da "ya jiki", idonsa ne ke ƙarasa sauran aikin. Zai dubi kumatun majinyaci, ya dubi wuyansa da damatsansa, sannan ya yanke hukunci. In ya ga jiki a cike, sai ya fito yana cewa, "Alhamdu lillahi, ai ko ramewa bai yi ba." In kuwa ƙasusuwan wuya sun bayyana, sai jikinsa ya yi sanyi. Ra'ayina shi ne, a kan ciwo ɗaya aƙalla, wato sankarar babban hanji da dubura, wannan awo na ido yana yaudarar 'yan uwa, kuma sikelin asibiti ma bai tsira daga irin wannan yaudara ba.

Ciwon ba ƙarami ba ne. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020, fiye da mutum miliyan 1.9 ne suka kamu da shi a shekarar, sama da 930,000 suka rasu. Shi ne na uku wajen yawa a jerin cututtukan sankara, na biyu wajen kisa. A wajenmu kuwa, sau da yawa jini a bayan gida basir ake ce masa, a yi ta shan jiƙe-jiƙe har ciwo ya yi nisa. Wannan magana ce ta wata rana. Abin da ke gabana shi ne: me ya sa majinyata biyu masu matakin ciwo ɗaya da nauyi ɗaya, aka ba su magani iri ɗaya, wani ya jure, wani ya kasa?

Lissafin da asibiti ya saba da shi, wanda ake kira BMI, raba nauyin mutum ne da tsawonsa da aka ninka da kansa. Adolphe Quetelet, masanin lissafi ɗan Beljiyam, shi ya fito da shi a ƙarni na 19, don nazarin al'umma a dunƙule, kuma Ancel Keys ya raɗa masa sunan da yake ɗauke da shi a 1972. Naƙasunsa a fili yake: bai san kilo ɗaya na tsoka da kilo ɗaya na kitse ba. Ɗan dambe da mai teɓa suna iya samun lamba ɗaya.

A 2008, Carla Prado da abokan aikinta a Jami'ar Alberta ta Kanada suka yi amfani da abin da ya riga ya kasance a fayil ɗin majinyata, wato hoton siti sikan da ake ɗauka don gano inda ciwo ya kai. A yanka guda na hoton, daidai gaɓa ta uku ta ƙashin ƙugu, ana iya auna faɗin tsoka da na kitse, a ƙiyasta na dukkan jiki. Cikin masu ƙiba 250 da ke da sankarar huhu ko ta hanyar abinci, sun sami 38, wato kashi 15 cikin ɗari, waɗanda tsokarsu ta ƙare a ƙarƙashin kitse, kuma su ne suka fi saurin rasuwa. Waɗannan su ne mutanen da mai dubiya zai fito yana yi wa iyalansu albishir.

Wani babban bincike a kan sankarar hanji kanta ya fito a 2017, ƙarƙashin jagorancin Bette Caan a arewacin Kalifoniya ta Amurka. An bi majinyata 3,262 da ciwonsu bai bazu zuwa sassa masu nisa ba. Kashi 42 cikin ɗari suna da ƙarancin tsoka tun ranar da aka gano ciwon, kuma haɗarin mutuwarsu ya ɗara na sauran da kashi 27 cikin ɗari. Binciken ya kuma haskaka wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai, wato yadda masu ɗan ƙarin nauyi ke fin wasu daɗewa a raye. Ashe akasarinsu tsoka ce ke gare su, ba kitsen ne ke ceto su ba.

Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Tsoka ita ce rumbun furotin na jiki. Bayan tiyata, daga nan jiki ke ɗiba don haɗa rauni da yaƙar ƙwayoyin cuta; wanda rumbunsa ya yi ƙasa shi ne ke daɗewa a gadon asibiti, shi ne rauninsa ke ruwa. Haka abin yake a wajen maganin kashe ƙwayoyin sankara. Ana ƙayyade adadinsa ne da faɗin fatar jiki, lissafin da ya dogara da nauyi da tsawo kawai, kuma asalinsa tun 1916. Amma magani irin 5-FU, wanda shi ne ginshiƙin jinyar wannan ciwo, a sassan jiki marasa kitse yake bazuwa, a can ake sarrafa shi. Saboda haka mai kilo 90 da tsokar mai kilo 55 zai karɓi kason mai kilo 90. Abin da ke biyo baya shi ne zawo mai tsanani, gyambon baki da faɗuwar fararen ƙwayoyin jini, har a rage magani ko a dakatar da shi gaba ɗaya. Nan ne rai ke shiga haɗari, domin jinyar da aka yanke a tsakiya tana buɗe wa ciwon ƙofar dawowa.

Akwai suka mai ƙarfi da ya kamata a saurara. Waɗannan bincike dangantaka suka nuna. Mai yiwuwa ciwon da ya fi muni ne ke cinye tsoka, ba rashin tsokar ke jawo mutuwa ba. Na yarda da rabin wannan magana. Amma gwajin CHALLENGE da aka buga a 2025 ya rage mata ƙarfi. An raba majinyata 889 da suka gama tiyata da magani gida biyu: wasu aka sa su cikin tsarin motsa jiki na shekara uku tare da mai horarwa, wasu aka ba su takardun wayar da kai kawai. Bayan shekara biyar, kashi 80 cikin ɗari na rukunin farko suna raye ba tare da ciwon ya dawo ba, a ɗaya rukunin kashi 74. Gwajin motsa jiki ya auna, ba girman tsoka ba, amma ya nuna cewa ƙarfin jiki abu ne da ake iya taɓawa a ga sakamako. Kuma kada a fahimce ni a baibai: ƙiba, musamman kitsen ciki, tana cikin abubuwan da ke jawo kamuwa da ciwon tun farko.

Suka ta biyu ta fi shafar mu. Iyakokin da ake cewa tsoka ta yi ƙasa da su, daga jikin mutanen Arewacin Amurka da Turai aka fi ciro su, ga kuma tsadar hoton. Duk da haka akwai awo mai araha. Masana a Turai sun sanya ƙarfin damƙar hannu ƙasa da kilo 27 ga namiji, ƙasa da 16 ga mace, a matsayin alamar rauni, haka ma wanda tashi daga kujera sau biyar ya ɗauke shi fiye da daƙiƙa 15. Kujera da agogo babu asibitin da ya rasa su.

A nan ne nake ganin aikin manazarta Hausa. A mahauta, Bahaushe ƙwararre ne: ya san tsoka, ya san kitse, ya san jijiya da tantani, ba ya yarda a cika masa awo da kitse. Da zarar an zo kan jikin ɗan Adam mai rai, sai duk wannan fasaha ta tattare cikin kalmomi biyu, ƙiba da rama. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a fassara kalmar sakofeniya, wadda Irwin Rosenberg ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980 daga Girkanci, da ma'anar talaucin nama, a ce mata rama. Rama ido na ganinta, wannan kuwa ɓoyayya ce. Ina ba da shawarar "zaizayar tsoka", domin zaizaya a hankali take ci, ta ƙasa, kamar gaɓar kogi. Ga wanda kitse ya rufe masa zaizayar kuwa, "ƙibar holoƙo", daga hadarin da ke haɗuwa babu ruwa a cikinsa. Ban ce waɗannan ne na ƙarshe ba. Masana ƙirƙirar kalmomi suna iya kawo waɗanda suka fi su.

Kalmar na da muhimmanci saboda masu jinya a gida su ne ke riƙe da kwano. Tausayinmu kan sa mu kwantar da majinyaci, mu hana shi ko ɗaukar buta, mu bi shi da koko da shayi da lemon kwalba, alhali kwanciyar kanta tana cin tsoka cikin 'yan kwanaki. Wake, awara, ƙwai, kifi da nono, gwargwadon abin da likita ya amince da shi bayan tiyatar hanji, da ɗan tattaki a tsakar gida safe da yamma, ba su fi ƙarfin gidaje da yawa ba. Amma ma'aikaciyar jinya ba za ta iya shawo kan uwar da ke ganin ɗanta ɓul-ɓul ba, matuƙar kalmar da ke bakinta ita ce rama.